Sunan Da Na Riƙe Shekara Talatin Da Huɗu

Zuwa ga Mai Girma Babban Kwamandan rundunar da ke tsaron makamai masu linzami na ƙare-dangi, a can ƙasarku mai sanyi. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, don an ce mini ku mutanen sirri ne, ni kuma abin da na riga na jawo ya isa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk sojojin da ke ƙarƙashinka, na kan tudu da na cikin rami. A gaida mini karen nan na bakin ƙofarku, ina fata atishawar ta sake shi. Yaya sanyi? Mu nan Jidda gumi muke sha, fanka ma ta gaji da mu.

Sunana Hajiya Balaraba. Shekara talatin da shida ke nan ina zaune a unguwar Hindawiyya, tun da maigidana ya ɗauko ni daga gida ina amarya. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana da rai, ba ni da rigima da kowa. Sana'ata haɗa yajin tsire. Masu tsiren da ke tsakanin unguwarmu da kasuwar Bab Makka, har da maigidana, da yajina suke tara Larabawa, su ci suna hawaye suna cewa a ƙaro. In kana son shaida a kaina, aiko a tambayi duk mai tukuba.

Na zaɓi in rubuto maka a fili, kowa ya karanta, saboda dalili biyu. Na farko, saƙon ƙarshe da na aiko muku a rufe sai da kuka kwashe mutane daga bakin ƙofa, ba na so a maimaita. Na biyu, kuskuren da na yi a gaban mutane na yi shi, a gaban mutane ya kamata in gyara. Ku nemi Bahaushe ya fassara muku, Bahaushe na ainihi wanda ya zauna da kakarsa.

Maganar a kan wani hafsanku ce, wanda mu a gida muke kira Babba. Mako uku ke nan kun karɓe makullinsa, kun fito da shi daga ramin da yake aiki, kun sa shi ƙirga barguna a sito. An ce kwamiti zai zauna a ƙarshen watan nan ya yanke ko ya koma bakin aikinsa ko a sallame shi, bisa zargin ya yi ƙarya a takardarsa game da wadda ta haife shi. Bai yi ƙarya ba. Ga yadda abin ya faru.

1. Bayan aikin hajjin bana, wani alhaji ɗan ƙasarmu da ke zaune a ƙasarku ya zo yi mana sallama. Mu nan ba a barin alhaji ya tafi hannu rabbana, kuma in an san inda za shi, sai an ɗora masa saƙon wani. Na haɗa kwali guda. A ciki akwai yaji kwano biyu, na ƙulle shi a leda uku-uku don kada ya yi wa alhaji ɓarna a kaya, akwai dabino da bagaruwa, sai agogon kiran salla da na saya a Bab Makka. Agogon nan da dalilinsa. Na ji an ce in Babba ya shiga rami ba ya ganin rana sai an canje shi, na ce to ta ina zai san azahar ta yi? Mai shago ya sa batir ya gwada mini, ya saita shi a kan lokacin Makka, ni kuma ban ce ya cire ba. Na naɗe kwalin da salatif har ba a ganin jikinsa. Na rubuta lambar wayata a gefe, a sama kuma na rubuta: “A ba yaron nan.”

Na san za ka ce wane yaro. Haƙuri, ranka ya daɗe, muna zuwa wurin.

2. Na ce wa alhaji ya kai wa yayata, Yaya Asabe, wadda ta reni Babba, ita ta san yadda za ta yi. Amma alhaji mutum ne mai son lada. Ya duba ya ga barikinku ya fi kusa da garin da yake zaune fiye da gidan Yaya, sai ya tuƙa motarsa har bakin ƙofa. Masu gadi suka tambaye shi sunan mai saƙo, ya ce Babba. Suka duba littafi, babu Babba. Ya ajiye kwalin a gefe, ya koma mota don ya kira Yaya ya ji sunan gaskiya. Yana cikin laluben lamba la'asar ta yi a Makka, kwali ya ɗaga murya.

Sauran ka fi ni sani. An ce an kunna jiniya, an kwantar da alhaji a ƙasa da farar hularsa, an kawo kare. Kare ya sa hanci a yajina. Ranka ya daɗe, barkonon da ke ciki ni da kaina sai na ɗaure fuska nake tankaɗe shi. Daga baya aka kai garin yajin ɗakin bincike, masananku suka yi kwana biyu a kansa, suka fito da sakamako: ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kanumfari, barkono da gishiri. Sun yi ƙoƙari, amma sun bar abu biyu, ba kuwa zan faɗa ba, kowa da sirrin aikinsa.

A kan wannan ban ga laifinku ba. Mai gadin irin abin da kuke gadi, in kwali ya yi magana dole ya tashi tsaye. An saki alhaji, an ba shi haƙuri da shayi, yanzu ba shi da wata hira a taron suna sai wannan. Labarin har ya iso Hindawiyya, masu tsire suna talla da yajin da ya tayar da bariki, ciniki ya ƙaru, na gode. Shi ma Babba da aka kira shi, yana ganin rubutun ya ce na mahaifiyarsa ne, tana Jidda, sunanta da lambarta suna cikin takardar da ya cika ranar da ya shiga aiki. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Sai kuka ce bari ku kira ku tabbatar.

3. Ranar wata Talata ce bayan azahar. Ina tsakar gida da mata huɗu masu taya ni tankaɗe, ga kuma yayar maigidana ta zo wuni daga unguwar Kurayyat, ta harɗe a kan kujera tana lura da motsin kowa. Waya ta yi ƙara. Hannuna duk yaji, sai na sa aka buɗe muryar kowa yana ji. Wani mutum ya yi magana da harshenku, tafinta ya juya da Larabci irin na masu karanta labarai.

Ya tambaye ni ko ina da ɗa a ƙasarku. Na dubi yayar maigidana, ta dube ni. Na ce, “Yayata dai tana da ɗa a can.” Ya ce mene ne sunansa. Na ce, “Ya akhi, sai dai ku tambayi yayata.” Ya ce yaushe aka haife shi, na ce ban riƙe ba. Ya ce to na san shi kuwa? Na ce nakan gan shi jefi-jefi. Ya yi godiya, na ce halas, ma'assalama.

Ina ajiye waya mata suka rangaɗa guɗa. Yayar maigidana, wadda shekara talatin da shida ko miyata ba ta taɓa yabawa ba, ta ce, “Yau na yarda Balaraba 'yar gidan mutunci ce. Bature da kansa ya kasa sa ta faɗi sunan ɗan fari.” Kwana biyu ina hura hanci. Ranar Juma'a Yaya Asabe ta kira, ko sallama ba ta gama ba ta ce, “Ke Balaraba, me kika gaya wa mutanen nan? Sun ce ko dai yaron ƙirƙirar uwa ya yi, ko kuma akwai wata mata a Jidda da ba a san ko wace ce ba tana aiko masa da gari a leda!” Na nemi wuri na zauna a kan turmi.

4. Yanzu bari in yi maka bayanin da ya kamata a ce tafintanku ya yi. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an ce “ɗanki” sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Alkunya muke ce mata. Tawa kuma ninki biyu ce, don sunan mahaifin maigidana aka sa masa, sunan suruki kuwa ko da kuskure ba ya fita daga bakina. Shi ya sa muke ce masa Babba.

Da aka yaye shi, aka ba Yaya Asabe riƙonsa kamar yadda aka saba, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. A lokacin su ma nan Jidda suke. Mijinta ya sami karatu a ƙasarku, suka tafi da yaron, karatu ya zama aiki, aiki ya zama zama. A can ya girma, ya sami takardunku, ya shiga soja. Ranar da za su tashi ban raka su filin jirgi ba, don kada a ce na damu. Daka na shiga yi. Yajin mako guda na daka a wuni ɗaya, kowa ya ɗauka barkono ne ya sa idona ja.

Ƙannensa biyar da na haifa bayansa, sunansu nake ƙwalawa tun daga tsakar gida har bakin titi, in yi musu faɗa in rungume su. Shi kaɗai ne ban taɓa ba. 'Ya'yana mata da suka tashi a nan dariya suke mini, su ce, “Ya Ummi, hada kalam gadim, tsohon yayi ne, wa yake yin wannan yanzu?” Su ɗora hoton ɗan fari a waya, su rubuta sunansa su kewaye da furanni. Ban hana su ba. Ni dai haka aka rene ni, haka uwata ta yi wa Yaya Asabe, har ta koma ga Allah “'yar nan” take ce mata.

5. Ga inda na ga laifinku, kuma zan faɗa, ko da kuwa an ce kana da abin da zai tashi Hindawiyya da Kurayyat lokaci guda. Matambayi ba ya ɓata. Kun yi kwana biyu kuna binciken ƙuli-ƙuli, amma ba ku yi minti biyar kuna tunanin abin da zai sa mace ta aika wa yaro agogon salla daga wata duniya, sannan ta ce ba ta riƙe ranar haihuwarsa ba. Yaya Asabe tana ƙasarku, ba ku neme ta ba sai da kuka gama rubuta rahoto. Alhaji yana hannunku kuna zuba masa shayi, da kun tambaye shi da ya warware muku, don shi ma ɗan fari ne. Kun ɗauko tafinta mai Larabci, kun ɗauka duk wanda ke Jidda Balarabe ne. Ba a tambaye ni ko ni kaɗai ce ba, ba a ce mini aikin yaron ne a kan amsata ba. Ni na ɗauka masu ƙidayar mutane ne. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan karon duhun ya rufe mu duka, ni da ku.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kun naɗi muryata, kun zaunar da shi kun kunna masa.

Shi ya gaya mini da ya kira. Bai yi faɗa ba. Da Hausarsa mai ɗan karkata, irin ta wanda ya girma a waje, ya ce, “Umma, na ji ki a rikoda. Kin iya tsare sirri, ya kamata su ɗauke ki aiki.” Ya yi dariya, na yi dariya. Sai ya ce, “Amma da gaske ba ki riƙe ranar ba?” Kafin in amsa ya ce lokacinsa ya ƙare, a gaida Baba.

Ranka ya daɗe, tun ranar raina bai kwanta ba. Yaron nan a can ya tashi, alkunyarmu a bakin Yaya kawai ya san ta, kamar tatsuniya. Sau uku ya zo umra. In ya shigo gida sai in shige kicin, in dafa masa abin da ban taɓa dafa wa baƙo ba, in tsaya bayan labule ina kallonsa yana ci. Shi bai san ina bayan labule ba. Abin da ya sani, uwarsa ba ta zama inda yake. Duk da haka, ranar da aka miƙa masa takarda aka ce ya rubuta sunan mahaifiya, da Asabe ya rubuta, wadda ke kusa, mai takardun ƙasarku, da babu mai tambayarsa komai. Sai ya rubuta Balaraba, Jidda. Ya amsa ni a gaban hukuma, ni kuma na kasa amsa shi a gaban mata biyar da rariya.

6. Ban san aikinsa sosai ba, kuma ka sa wannan a rahotonka: bai taɓa gaya mana komai ba. In na tura ƙanwarsa ta bugi cikinsa, sai ya ce aikin ofis ne. Abin da na sani a talabijin na gani: mutum biyu a ɗaki can ƙarƙashin ƙasa, kowa da makullinsa, suna zaune suna jiran umarnin da duk mai hankali ke roƙon Allah kada ya zo. Maigidana ya ce bai taɓa jin aikin da ake yaba wa mutum don bai yi shi ba, da ya sani da shi ya nema ya huta da hayaƙi. Ni kuwa na ce aikin nan ba na kowa ba ne. Mai kawaici yake so, wanda abu zai ci shi a rai shekara da shekaru bai motsa hannu ba, bai buɗe baki ba. To ina kuke tsammani Babba ya samo wannan hali? A barikinku? A nono ya sha. Halin da kuka ɗauke shi aiki dominsa kuka tarar a wurin uwarsa, shi ne kuke neman korarsa a kai.

Kuma ka tuna, in kun sallame shi wani za ku ba makullin. Ni dai hankalina ya fi kwanciya in na san yana hannun yaron da Yaya ta shaida ko kaza bai taɓa jifa ba. Ba don ni kaɗai ba, har don sauran mutanen duniya da ba su san yana yi ba.

Saboda haka ina roƙonka, da girman kujerarka, a kai wannan takarda gaban kwamiti kafin su zauna, a raba Babba da barguna a mayar masa da makullinsa. Ina roƙo a koya wa masu yin tambaya, in sun kira tsohuwa Bahaushiya, su fara jin ko yaron ɗan fari ne, su kuma ji ko dangin miji suna kusa. Agogon, a saita shi da lokacin garinku a ba shi, in dokarku ta hana shiga da shi rami a bar masa a ɗakinsa. Yajin da ya rage ban nemi a dawo da shi ba. A raba wa masu gadi su barbaɗa a gasasshen nama, kaɗan-kaɗan, nesa da kare. Roƙona na ƙarshe shi ne ku sake kira na, ku naɗa, ku zaunar da shi a kujerar da ya zauna wancan karon ku kunna masa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na yi shawara da maigidana, tunda sunan mahaifinsa ne. Ya juya tsire, sannan ya ce, “Da tsoho yana raye, shi zai fara cewa ki faɗa. Yalla, rubuta.” Yayarsa ba ta sani ba tukuna, a nan za ta gani. In ta janye yabon da ta yi mini, na yafe shi, da ma ban saba da shi ba.

To ga amsoshin da tafintanku ya nema. An haife shi ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Rajab, shekara talatin da huɗu da suka wuce, a ɗakinmu na haya na farko a nan Hindawiyya. Ranar an yi ruwan sama, abin da Jidda kan daɗe ba ta gani ba, har ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya tafi da takalmin ungozoma. Yana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu, ku duba. Haƙorinsa na farko ya fito yana wata shida da kwana tara. Ranar da aka tafi da shi shuɗiyar riga ce a jikinsa, hularta ta faɗi a bakin ƙofa, tana cikin akwatina har yau. Na riƙe. Babu abin da ban riƙe ba.

Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin wannan layi. Sunansa Idrisu. Ɗana ne, ni na haife shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci a kan na ƙasa da kai. Allah ya sa makaman nan su tsufa a raminsu, kai da shi ku ajiye aiki lafiya makullanku sun yi tsatsa ba a murɗa su ba. Allah ya haɗa kowace uwa da ɗanta, ya kuma ba karen nan lafiya.

Wassalam.

Hajiya Balaraba, mahaifiyar Idrisu,
Hindawiyya, Jidda.